Kan Giwan Ruwa a Akwatin Sabulu

Tun da muka dawo daga bayan duwatsun Tula ban huta da tambaya ba. A ofis a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, har mai shayin bakin layinmu na Bagadaza sai da ya riƙe kofina ya ce ba zai miƙo ba sai na gaya masa ko da gaske Alhaji Manu ya hau dutse da 'yar shara. Da gaske ne. Amma tunda kowa ya ɗauki guntun labarin yana ƙara masa gishiri, gara in rubuta shi tun daga tushe, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Shekarar da na fara aikin malamin gona, wani ƙauye aka tura ni can cikin duwatsun kudu, inda ban san kowa ba. Ban yi wata guda ba zazzaɓi ya kayar da ni. Matar da ta ɗauke ni ta yi jinyata ita ce Inna Saratu. Kirista ce, ni Musulmi, amma ranar da na fara iya cin abinci sai ta aika kasuwa aka sayo sabuwar tukunya, ta ce wannan ta Malam ce, kada kowa ya dafa wani abu a ciki. Shekara biyu ina cin tuwonta. Ita ba 'yar dutse ba ce, a bakin kogin Gongola aka haife ta, aure ne ya kai ta can sama.

Ɗanta Yohanna yanzu yana koyarwa a wata firamare a nan Gombe. Shi ya zo ya same ni a gida, fuska ba walwala, ya ce Inna ta kwanta, kuma ta daina cin abinci, sai dai kurɓin kunu. Abu ɗaya take ambata, ɗanyen giwan ruwa irin na gidan ubanta. An kai mata banda ta kau da kai, ta ce wannan hayaƙi ne ba kifi ba. Ban tsaya tunani ba na ce masa, "Ranar Asabar za ta ci shi, in Allah ya yarda." Sai da ya tafi na tuna cewa tsakiyar bazara muke, kuma daga Gombe zuwa ƙauyen nan, in mota ba ta yi gardama ba, sai an wuce azahar. Kifin da aka kama da asuba, kafin lokacin ko kare sai ya yi shawara.

Na fara da kanti, kamar kowa. Tun da aka yi ƙarin albashin nan garin ya rikice, wanda ko wuta bai ja ba ya sayi firji ya ajiye a falo yana zuba takalma. Mai kantin ya ɗauko mini wata kula ta roba mai riƙe sanyi, ja jawur, mai murfi fari, ya ce daga ƙasar waje ta zo. Da ya faɗi kuɗinta sai na mayar masa da ita a hankali, na ce zan dawo. Shi ma ya san ba zan dawo ba. Na duba fulas, bakinsa ko wutsiyar kifi ba za ta shiga ba. Matata Hajara ta ce a sa tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, yadda kakarta take ajiye tumatir. Dabarar tana da kyau a tsakar gida, amma na san hanyar, kafin mu kai gindin dutse tukwanen sun farfashe. Na ce to a kai mata tarwaɗa da ranta cikin garwa. Yohanna ya girgiza kai, ya ce Inna ba ta ɗauki tarwaɗa a bakin kifi ba.

Malam Isa kafinta, maƙwabcina, shi ya fid da ni. Tsoho ne da ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa, ya ce da idonsa ya ga ƙanƙara ta sauka daga jirgi bayan kwana guda a hanya, ba firji ba komai. Ya jawo wani tsohon akwatin sabulu na katako, ya huda gindinsa da ƙusa wuri uku, ya nuna mini tulin garin katako a ƙarƙashin bencinsa.

"Adamu, ƙanƙara mai jego ce," in ji shi. "Lulluɓi take so, ba ta son yawan leƙe. Ka samo ta curi guda, kada ka bari a fasa. Ka naɗe ta a buhu, ka kwantar da kifin a jikinta, ka danna garin nan ta ko'ina. Ruwan da ya narke ya bi ta hudar nan ya fita. Daga waje ka rufa jiƙaƙƙen buhu, ya bushe ka sake jiƙawa. In ka buɗe kafin ka isa, to kada ka zo ka ce ni na koya maka."

Na tambaye shi ladan aikinsa, ya ce in kawo masa labari.

Saura mota. Hanyar nan ba ta san ƙaramar mota ba, sai Landiroba, kuma mai Landiroba ɗaya na sani da zan iya tasa shi gaba: Alhaji Manu, ɗan kwangila, ɗan kawuna, wato abokin wasana. Bai yi musu ba, ya ce shi da kansa zai tuƙa. Ranar Asabar da sassafe ya iso ƙofar gidana, sanye da babbar riga mai aiki kamar za shi ɗaurin aure, ya ga akwatina ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Malam Adamu, kaji za mu kai kasuwa? Kai dai talauci ya zame maka ado. Zo ka ga abin zamani."

Ya buɗe ƙofar gaba. Sai ga jar kular nan da na mayar wa mai kanti, tana zaune kamar amarya.

Mun sami giwan ruwa a kasuwa ana sauke shi daga motar Dadin Kowa, jikinsa da santsi, idonsa garau. Aka gyara shi, aka yanka gida uku. Wata mata mai babban firji ta daskarar mini da ƙanƙara curi biyu tun kwana biyu kafin nan. A nan ne na yi abin da har yau nake jin haushin kaina. Alhaji ya ce nama mai kyau wuri mai kyau ya dace da shi, ya kwashe tsakiyar kifin, duk inda tsoka take, ya ce kula za ta shiga. Ni kuma da na dubi jan abin nan na dubi akwatin sabuluna, sai zuciyata ta karaya, na miƙa masa da hannuna. Curin ƙanƙara ɗaya ya ƙi shiga kular, Alhaji ya sa guduma ya farfasa shi, ya cusa kwalaben lemo shida a gefe. Kan kifin da 'yar wutsiya, waɗanda ba su sami wuri ba, su aka bar mini. Na shirya su da ɗaya curin yadda Malam Isa ya ce, na buga murfi.

Sai batun wurin zama. A wurin Alhaji, abu mai daraja ba ya zama a baya, ko mutum ne ko kaya. Saboda haka kula ta zauna gaba, a ƙasa, kusa da ƙafar Yohanna, wanda tare da shi za mu tafi. Ni da akwatina da garwar ruwa aka tura mu baya ƙarƙashin tamfol, inda iska take shiga ta fita. Duk wanda ya taɓa shiga gaban Landiroba da rana ya san yadda zafin inji yake tasowa ta ƙarfen ƙasa har ya ratsa takalmi. Ni ma na sani, amma ran nan ban tuna ba, ina can ina fushin an mai da ni kaya.

A Kumo muka tsaya karin kumallo. Wata dattijuwa tana tuya masa a bakin hanya, mai laushi, da miyar taushe mai gyaɗa, har na yi ƙari. Alhaji ya hango wani Alhajin, abokinsa ɗan kwangila, nan take ya buɗe kula ya zaro lemo.

"Taɓa ka ji, Alhaji! Kamar yanzu aka fid da shi daga firji!"

Mutane suka taru. Murfin yana buɗe har aka gama labarin inda aka sayo ta. A Billiri ma haka, ga wani mai sayar da mai. Ni dai ina baya ina yayyafa wa buhuna ruwa, ana yi mini kallon wanda ba shi da cikakken hankali.

Bayan Kaltungo, inda muka bar kwalta, akwai wani shinge: gora a gicciye bisa ganga biyu, da wani mutum mai kakin da ya koɗe, wanda ban tantance ko na wace ma'aikata ba ne. Ya zagayo baya, ya ga akwati a rufe da buhu yana ɗigar ruwa, ya ɗaure fuska.

"Mene ne a ciki yake kuka? Buɗe."

"Ranka ya daɗe, kifi ne da ƙanƙara, na wata tsohuwa marar lafiya. In na buɗe na kashe shi."

"Kifin da ya mutu za ka sake kashewa? Ƙanƙara kuma a bazara? Malam, ni ba yaro ba ne."

Raina ya fara ɓaci, don ni ba na iya doguwar magana da mai taurin kai. Amma na danne, na kama hannunsa na tara shi a ƙarƙashin hudar. Ɗigo ɗaya ya sauka a tafinsa, ya janye hannu da sauri, ya dubi tafin, ya sake tarawa da kansa. Yohanna ya sauko ya yi masa magana da yarensu, ashe mutumin ya san Inna, ta taɓa ba shi masauki ranar wata kasuwa. Nan da nan ya ɗage gora. Alhaji kuwa, don kada a bar shi a baya, ya sake buɗe kula ya ba mutumin lemo. Na lura bai ce masa taɓa ka ji ba.

Daga nan hanya ta zama abin da ta ga dama. Rana ta take tsaka muka gangara wani busasshen rafi, Landiroba ta shiga yashi ta zauna daram. Alhaji ya taka mai, ta ƙara nutsewa. Ya sa giyar taimako, ta yi ta haƙa wa kanta rami. Babu inuwa sai wata 'yar bishiyar ƙirya a bakin gaɓa, can na ja akwatina na kai.

Mutanen da suke gyaran gonakinsu a jikin dutse suka hango mu suka sauko, maza da mata. Gonakin nan nasu abin kallo ne, hawa-hawa, kowane an tokare shi da jeren duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Mu a nan mun saba da fili, mutum ya ja kunyar gona har inda idonsa ya gaji. A Gombe in motarka ta maƙale, kafin a sa hannu sai an yi ciniki. Su waɗannan ba wanda ya ce uffan, suka sari rassa, suka jera duwatsu ƙarƙashin taya, suka sa kafaɗa. Wata mata ta ga garwata ta kusa ƙarewa, ta durƙusa a tsakiyar rafin ta tona yashi da ƙoƙo har ruwa ya taru, ta cika mini. Da Alhaji ya sa hannu a aljihu bayan mota ta fita, wani dattijo a cikinsu ya ce ya bari, in dai wajen Saratu za mu, a gaishe ta.

Kusan awa biyu muka yi a wurin, kuma duk tsawon lokacin kula tana gaba, gilashi a rufe don kada a taɓa ta. Yohanna ne ya fara buɗe ƙofa. Ya tsaya, ya juyo ya dube ni. Alhaji ya ɗaga murfin. Babu ƙanƙara ko ƙwaya, sai ruwa mai ɗumi, tsokar kifin tana yawo a ciki ta yi fari, ta saki. Warin bai yi ƙarfi ba tukuna, amma ya fara, kuma ba abin da za a kai wa marar lafiya ba ne.

"Inna lillahi," in ji Alhaji. "Mai kantin nan ya cuce ni."

"Mai kanti ne ya ce ka ɗora ta kan murhu? Shi ya ce ka buɗe wa duk wanda ya yi maka sannu?"

Na faɗi maganganu da yawa a bakin rafin nan waɗanda ba zan rubuta ba. Wasan da ke tsakaninmu ne ya sa suka wuce. Amma gaskiya ba shi nake jin haushi ba kamar kaina, ni da na miƙa masa tsokar da hannuna. Tsoro kuma ya kama ni. In abin kanti ya yi haka, ina ga akwatin sabulu? Na durƙusa gabansa, hannuna har ya kai kan murfin. Yohanna ya dafa kafaɗata.

"Malam, in ya lalace, buɗewa ba za ta gyara shi ba. In kuma bai lalace ba, ka bar shi."

Na tara hannu a hudar. Ɗigon yana nan da sanyinsa. Na jiƙa buhu, muka ci gaba.

A gindin dutsen ƙarshe hanyar mota ta ƙare, sai ƙafa. Muka rataye akwatin a jikin wata sanda, ni a gaba Yohanna a baya. Rana tana dukan buhun, kafin mu yi nisa ya fara bushewa, garwa kuma mun bar ta a mota. Ina cikin tunanin abin yi sai na ji inuwa ta rufe akwatin. Alhaji Manu ne ya tuɓe babbar rigarsa mai aiki, ya juye mata ruwan butarsa, ya ninka ta ya shimfiɗa a kai. Haka ya hau dutsen nan da 'yar shara, tumbi a gaba, yana haki yana cewa, "A hankali, Malam Adamu, kada ka girgiza mana shi." Tun daga nan akwatin ya zama namu.

Gidan yana nan yadda na bar shi, har ɗakin da na zauna, sai dai yanzu dawa ake ajiyewa a ciki. Aka shimfiɗa mana tabarma a nan, aka kawo ruwan alwala ba tare da mun tambaya ba, aka nuna mana gabas. Kafin mu sallame, ƙanin Yohanna ya iso riƙe da zakara da wuƙa ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ya dube ni. Na ce masa haka suke yi, baƙo Musulmi shi yake yanka abin da za a dafa masa, don ya ci da kwanciyar rai. Ya karɓa jikinsa a sanyaye.

Inna tana kwance a inuwar rumbu. Matar da take hawa dutsen nan da tulu ta koma kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Adamu, kai ne? Ka yi ƙiba. Matarka ta iya tuwo ke nan."

"Ba kamar naki ba, Inna."

"Ƙarya kake, amma na ji daɗi."

Aka ajiye akwatin a gabanta, duk gidan aka zagaye. Na ɓalle murfin, na tone garin katako da hannu. Yatsuna suka taɓa buhu, sanyi ya ratsa su. Na warware. Ƙanƙara tana nan, ta rage kamar kan jariri, ga kan giwan ruwa kwance a jikinta, idonsa garau kamar da safe. Na ɗaga marfin kunnensa, ciki ja wur. Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara ba. Alhaji ya rungume Yohanna, mata suka rangaɗa guɗa.

Sai kunya ta biyo baya. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ki yafe mini. Kifin babba ne, amma tsokar duk ta lalace a hanya. Kai da 'yar wutsiya kawai na iso da su."

Ta dubi kan. Sannan ta fara dariya, 'yar siririya, har tari ya sarƙe ta.

"Ku mutanen tudu! Wa ya ce muku tsoka ce kifi? A gidanmu tsoka ta yara ce da baƙi. Kai na Baba ne, shi kaɗai. Ina yarinya ina tsugune ina kallonsa yana tsotsa, ina cewa in na girma sai na ci nawa ni kaɗai. Ban girma ba aka kawo ni dutse." Ta miƙa hannu ta shafa shi. "Ku tashe ni zaune. Rifkatu, ɗauko tukunyar Malam."

Ashe tukunyar tana nan, a kife a saman rumbu, shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ta. Daga inda take zaune Inna ta yi ta ba 'yarta Rifkatu umarni: daddawa kaɗan, barkono, 'yar tsamiya, kada a juya da ludayi sai dai a girgiza tukunyar. Sauran ƙanƙarar kuwa hannu-hannu ta yi ta yawo a tsakar gida, tsofaffi suna cewa ba su taɓa ganin wadda ba daga sama ta faɗo ba.

Aka kawo tuwon dawa. Mu muna cin zakara, amma ba wanda idonsa yake kan kwanonsa. Inna ta kurɓi romo, ta rufe ido. Ta yanki loma, ta sake yanka. Rifkatu ta juya baya tana share hawaye da bakin zane, ta ce kwana tara ke nan tuwo bai shiga bakinta ba. Inna ta bi kan nan ƙashi bayan ƙashi, ba gaggawa. Da ta zo kan kumatu, inda 'yar tsoka mai laushi take, sai ta ciro ɗaya ta miƙo mini.

"Baba yakan ba wanda ya ɗauko kifi daga kogi. Karɓi, kai ka ɗauko."

Na karɓa na ci. Na sha cin kifi a rayuwata, amma ban taɓa cin irin wannan ba.

Bayan la'asar muka kamo hanya. A gindin dutse Alhaji da kansa ya ɗauki akwatin, wanda ba komai a ciki sai jiƙaƙƙen gari, zai sa shi gaba. Na ce masa ashe har yanzu bai koyi komai ba, ya mayar da shi baya inda iska take. Tun kafin mu kai Kaltungo ya tambaye ni sau biyu ko Malam Isa zai iya yin babba, wanda zai ci rabin rago.

Na kai wa Malam Isa ladansa, ya saurara har ƙarshe yana fiƙe fensir, abin da kawai ya tambaya shi ne ko na buɗe a hanya. Mako biyu bayan haka Yohanna ya je gida ya dawo. Ya same ni a ofis, tun daga ƙofa na ga haƙoransa. Ya ce ya tarar da Inna a tsaye a bakin rumbu da sanda, tana yi wa Rifkatu faɗa a kan sussuka. Kuma ta ba shi saƙo, ta ce ya faɗa mini yadda ta faɗa, kada ya gyara:

"Ka gaya wa Adamu, in zai sake zuwa, ya bar wa Alhaji tsakiyar ya sa a jan abinsa. Ni kai kawai zai kawo mini."